Mutumin kirki na wane gari? Sharhi a kan jerin halaye goma na Kirk-Greene

1. Gabatarwa

Mun daɗe muna duba kundayen kammala karatu na ɗalibai masu nazarin harshe da al'adun Hausa, kuma akwai wani abu da ke yawan dawowa a cikin babinsu na farko. Da zarar ɗalibi ya zo bayanin tarbiyyar Bahaushe, sai ya jero kalmomi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Daga nan sai ya wuce, kamar an gama magana. Wanda ya yi bincikensa a karkarar Tasawa da wanda ya yi nasa a Dogon Dutsi ko cikin birnin Damagaram, jeri guda suke kawowa. Wasu ma ba su san inda ya fito ba, a cikin kundin wani ɗalibi da ya gabace su suka tsince shi.

Asalin jerin sananne ne. A. H. M. Kirk-Greene (1925-2018), Baturen Ingila wanda ya yi aikin mulki a Arewacin Nijeriya, ya koyar a Zariya, daga baya ya koma Jami'ar Oksfod, shi ne ya gabatar da shi a cikin wata lacca da ya yi a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1973, don tunawa da masanin harsuna Hans Wolff. An buga laccar a 1974 da sunan Mutumin Kirkii. Ɗan ƙaramin littafi ne, amma ya yi tasirin da manyan littattafai da yawa ba su yi ba.

A cikin wannan ɗan sharhi za mu duba yadda aka gina jerin, da abin da yake ɓoyewa idan aka ɗora shi a kan Katsinar Maraɗi, Gobir, Adar, Arewa da Damagaram. Maganar ta wuce gardamar malaman jami'a. Tun daga 1973 ake gwada koyarwa cikin harsunan gida a makarantun ƙasar nan, kuma a watan Maris na 2025 kundin tsarin sabunta ƙasa ya mayar da Hausa harshen ƙasa. Ke nan za a ƙara rubuta littattafan lakwal da Hausa, a cikinsu kuwa dole a gaya wa yaro ko wane ne mutumin kirki. In ba mu yi hattara ba, abin da ke cikin kundayen ɗalibanmu shi za a kwafe a ba shi.

2. Abin yabo

Kafin mu kai ga suka, ya kamata mu faɗi abin da aikin ya ci nasara a kai. A lokacin da aka yi shi, masu rubutu a kan Hausawa sun fi mai da hankali ga sarauta, kasuwanci da addini. Kirk-Greene ya tambayi wani abu dabam: da waɗanne kalmomi Bahaushe da kansa yake auna halin ɗan'uwansa? Bai ɗauko ma'aunin falsafar Turai ya gwada Hausawa da shi ba, ya faro ne daga harshen. Ga mai nazarin harshe wannan ita ce hanyar da ta dace. Haka kuma babu ɗaya daga cikin kalmomin goma da za a ce baƙuwa ce a wani yanki na ƙasar Hausa. Ana jin su a Tawa kamar yadda ake jin su a Kano, ko da furucin ya ɗan sauya: kumya a maimakon kunya, hanƙuri a maimakon haƙuri, a bakin mutanen yamma.

Sai dai a nan ne matsalar take farawa. Kasancewar kalma guda a wurare biyu bai nuna cewa aiki guda take nufi ba.

3. Inda aka ɗebo kalmomin

Hausar da Kirk-Greene ya sani ita ce ta masarautun Arewacin Nijeriya, ta fada da ofis da littafi. Manyan ƙamusoshin da kowane mai bincike na zamaninsa ke dogara da su, na Bargery (1934) da na Abraham (1949), a can aka yi su, kuma karin harshen Kano ne ginshiƙinsu, ko da yake Bargery ya tattara kalmomi da yawa na Katsina da Sakkwato. Shi kansa Kirk-Greene ya buga tarin karin magana ɗari biyar a 1966, kuma karin magana na cikin manyan hujjojinsa.

Muna da ja a kan wannan hujja ta fuska biyu. Ta farko, karin magana makami ne na zance, kowa yana zaro wanda ya dace da buƙatarsa. Wanda ya ce mahaƙurci mawadaci, gobe shi zai ce haƙurin kaya sai jaki. Wanda ya yabi kunya yau, in ciniki ya haɗa shi da wani sai ya ce kunyar marar kunya asara ce. In aka tsamo rabin farko aka bar na biyu, hoton da za a samu na wa'azi ne, mutane kuwa da rabi biyun suke rayuwa. Ta biyu, karin magana a cikin littafi ba shi da gari, ba shi da shekara, ba a san ko namiji ne ya faɗe shi ko mace, basarake ko talaka. Duk abin da zai nuna bambanci an riga an share shi tun kafin a fara nazari.

Abin lura kuma, shida daga cikin kalmomin goma daga Larabci suka shigo: amana, karamci, hankali, ladabi, hikima da adalci. Ba mu ce wannan aibi ne ba, domin kalma kamar hankali ta daɗe da zama ƴar gida, manomin da bai taɓa riƙa allo ba yana amfani da ita dare da rana. Amma hikima da adalci sun fi zama a bakin malamai da alƙalai, kuma an fi neman su ga mai mulki. Jerin ya karkata ga mutum guda: namiji, magidanci, musulmin birni, mai kusanci da fada ko zauren malam.

4. Tarihin da jerin ya tsallake

Ƙasar Hausa ba ta bi hanya guda ba tun daga jihadin 1804. Alkalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. Sarakunan Katsina na da suka gudo arewa, Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri a 1836 bayan yaƙin Gawakuke. Waɗannan masarautu biyu musulmi ne ke mulkinsu, amma sun yi kusan ƙarni guda suna yaƙi da Sakkwato, kuma sun riƙe sarautun da jihadi ya rage wa ƙarfi a kudu, kamar ta Iya a Maraɗi da ta Inna a Gobir, matan gidan sarauta masu shugabantar bori. Damagaram ba ta taɓa shiga ƙarƙashin Sakkwato ba, alƙiblarta ta siyasa Barno ce. Adar ta yi zaman cuɗanya da Abzinawa da Buzaye. Arewa kuwa, a Dallol Mawri, tana da Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji a gefen sarakunanta. Daga baya yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1898, 1904 da 1906 suka shata iyaka. A kudu Ingilishi suka bar sarakuna da kotunan alƙalai da ƙarfinsu, a arewa kumandan ya zama shi ne wuƙa shi ne nama, sarki ya koma mai tara masa haraji.

Kalma guda ta isa ta nuna abin da wannan tarihi ya haifar. Mutanen Adar da Arewa suna cewa azna, na Maraɗi anna, na Kano arna. Ta fuskar tsarin sauti kalma ɗaya ce, kuma azna ce tsohuwar siga. Ta fuskar ma'ana kuwa sun rabu. A Kano arne zagi ne, ana nufin wanda ba shi da addini. A kwarin Maraɗi, kamar yadda Guy Nicolas ya bayyana a cikin ayyukansa na shekarun 1960 da 1970, anna su ne masu ƙasa na asali, masu gadon noma, farauta, ƙira ko su, suna da shugabanninsu irin su Durɓi, kuma sarki yana buƙatar su wajen buɗin daji da sauran al'amuran shekara. A yau ma'anar Kano ta rinjaya har a nan, mutum ba ya so a kira shi da wannan suna. Ke nan kalmar ta bambanta daga yanki zuwa yanki, sannan ta sauya daga zamani zuwa zamani. Babu dalilin da zai sa mu ɗauka cewa kalmomin ɗabi'a sun tsira daga irin wannan tafiya.

5. Kalmomi uku a ma'auni

Karamci. A wajen annan Maraɗi na da, manomin da ya samu dami dubu yakan yi bukin da ake kira dubu, ya rabar da dukiya mai yawa a bainar jama'a, ya fito da sunan sarkin noma. A tsakanin mata kuma, a arewa da kudancin iyaka, akwai biki: abin da ƙawa ta kawo miki ranar sunanki ko aurenki, za ki mayar mata da ninkinsa ranar nata. Ga masu yin waɗannan, wannan shi ne karamci, wanda ya ƙi yi kuwa marowaci ne. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta shigo Maraɗi ta hanyar ƴan kasuwa a shekarun 1980, ta kuma fito fili bayan taron ƙasa na 1991. Malamanta sun kira irin wannan kashe kuɗi almubazzaranci, suka ce kyautar da ake jiran ninkinta bashi ce, karamci na gaskiya shi ne sadaka, gina masallaci da makaranta. Matasan ƴan kasuwa da yawa sun karɓi wannan fassara, domin ta sauke masu nauyin maroƙa da na dangi. Ɓangarorin biyu duk suna yabon karamci, kuma kowane yana ganin ɗayan ba shi da shi. Jerin 1974 ba shi da abin da zai ce a kan wannan rigima, alhali ita ce ta raba gidaje.

Kunya. Ƙin faɗin sunan miji ko na ɗan fari, kauce wa surukai, ƙin cin abinci a gabansu, duk an san su ko'ina, ko da yake ƙarfinsu ya bambanta. Amma ina iyakar kunyar matar aure? A birnin Kano kulle ya daɗe da zama alamar mutuncin gida. A karkarar Maraɗi da Tasawa mace tana da gamanarta, tana noma, tana zuwa rijiya da kasuwa, ba wanda ya ce ba ta da kunya. Kulle ya yaɗu a birnin Maraɗi tare da arzikin alhazai da hulɗarsu da Kano, daga baya ya shiga wasu ƙauyuka a daidai lokacin da gonaki suka yi ƙaranci, har mai gida ya ga ba shi da filin da zai yanka wa matarsa. A nan addini da ƙarancin ƙasa sun haɗu sun sauya abin da kalmar ke nufi. Bugu da ƙari, kunya ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Zabarmawa suna da haawi, Fulani semteende, Abzinawa takarakit, wadda ke sa namiji ya ja rawani ya rufe baki a gaban surukinsa. Ba'adare maƙwabcin Buzu ne, Ba'are maƙwabcin Bazabarme, Badamagare na Babarbare. Mai son ya fahimci kunyar kowanensu, ya fi kyau ya dubi maƙwabcin nan da ya buɗe ƙamus.

Ladabi. Yaron da ya durƙusa ya gai da babba, talakan da ya tuɓe takalmi ya faɗi gaban sarki, a idon mafi yawan dattawa su ne masu ladabi. A idon ɗalibin Izala kuwa, durƙuso ga ɗan Adam ya yi kama da ruku'u ko sujada, sallama da musafaha sun wadatar. Mun sha jin iyaye suna kukan cewa ƴaƴansu sun daina gaisuwa, ƴaƴan kuma suna cewa gaisuwar sunna suke yi. Gardamar ba sabuwa ba ce. A cikin Kitab al-Farq, Shehu Usman ɗan Fodiyo ya lissafa zuba ƙasa a ka wajen gai da sarki, wato afi, cikin al'adun sarakunan Hausa da ya soka. Sama da shekara ɗari biyu ke nan Hausawa suna jayayya a kan inda ladabi ya ƙare, ƙasƙanci ya fara. Aikin da ya ba da kalmar kamar an gama shawara a kanta ya rufe wannan tarihi.

6. Kalmomin da babu

Abin da jeri ya bari yana da muhimmanci kamar abin da ya ɗauka. Babu zumunci a cikinsa, alhali mutumin da ya tara halayen goma amma ba ya zuwa suna, ba ya zuwa gaisuwar mutuwa, ba wanda zai kira shi mutumin kirki a Madawa ko a Mirya. Zumunta a ƙafa take. Babu arziki, kalmar da Nicolas ya nuna tana tsakiyar tunanin mutanen Maraɗi, wadda ta haɗa rabo, farin jini da yawan jama'a, har ana cewa ɗan arziki a wurin da wasu za su ce ɗan kirki. Babu jarunta da zuciya. Tun 1975 da aka fara kokawar ƙasa a Tawa, ɗan kokawa yana shiga fili ya yi wa kansa kirari a gaban dubban mutane da manyan hukuma, ba wanda ya ce ya yi rashin kunya, alhali in malami ko ɗan kasuwa ya yi haka sai a ce ya zautu. Kowace sana'a da nata ma'aunin: abin da ya halatta ga maroƙi, mahauci ko mafarauci bai halatta ga liman ba. Sannan babu mace a matsayin mai auna wasu. Kalmomin da mata ke yanke wa kishiya, suruka ko miji hukunci da su ba su shiga lissafi ba.

7. Kuskure na biyu

Kada a ɗauka cewa muna nufin Hausawan Nijar su ne na asali, na Nijeriya kuma jihadi ya canza su. Wannan shi ne kuskuren da karatunmu na Faransanci ke saurin jefa mu a ciki. Masu binciken Faransa da suka yi aiki a nan, Nicolas a Maraɗi, Marc-Henri Piault a Arewa, Nicole Echard a Adar, sun bar mana taska, kuma ba su ce lokaci ya tsaya ba. Amma da yake bori da al'adun azna sun fi jan hankalinsu, mai karatu na nesa yakan fita da tunanin cewa arewacin iyaka gidan ajiyar kayan tarihi ne. Damagaram ta Tanimun a ƙarni na 19 birnin malamai da alƙalai ce. Maguzawa kuma a ƙasar Kano da Katsina suke. A watan Nuwamba na 2000, shekarar da jihar Zamfara ta fara aiki da shari'a, a Maraɗi ne zanga-zangar ƙin bukin nunin tufafi na FIMA ta fi muni, ko da yake a kusa da Yamai aka shirya bukin. Adeline Masquelier ta nuna yadda wa'azi ya sauya Dogon Dutsi cikin ƴan shekaru. Kasat ɗin wa'azi, finafinan Kano, sannan wayar salula sun sa saurayin Tawa da na Katsina suna sauraron malami guda. Muna ganin a yau tazarar da ke tsakanin kaka da jika a gida guda takan fi wadda ke tsakanin garuruwa biyu.

Akwai kuma tarkon da ɗalibanmu ke faɗawa idan suka tashi gyara. Sai su tambayi mutane halin ƴan wani yanki, su rubuta amsar a matsayin sakamako: mutanen gari kaza masu faɗa ne, na gari kaza masu wayo. Irin wannan zance yana da gidansa, wato wasan da ke tsakanin Gobirawa da Zabarmawa, ko Fulani da Barebari, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. A cikin wasa kowa ya san ƙa'ida, zagin ma zumunci ne. In aka ciro shi daga nan aka sa a kundi, ya zama ƙazafi mai hatimin jami'a. Abin nazari ne a matsayin zance, amma ba shaida ba ce a kan halin kowa.

8. Kammalawa

Ba mu ce a jefar da aikin Kirk-Greene ba. Muna cewa a karanta shi da shekararsa da garinsa: hoton mutumin kirki ne kamar yadda masu ilimi da masu mulki na masarautun Arewacin Nijeriya suka so a gan shi a tsakiyar ƙarni na 20. Laifin mayar da shi ma'aunin dukan Hausawa namu ne, mu da muka bar ɗalibai suna kwafe shi ba mu tambaye su komi ba.

Ga abin da muke ba da shawara. Na farko, a rarrabe abu uku da ake cakuɗawa: sigar kalma, ma'anarta, da aikin da ake kira da ita a wuri kaza. Siga kusan ɗaya ce ko'ina, ma'ana tana da kusanci, a wajen aiki ne ake rabuwa. Na biyu, a faro daga kishiyar kalma, domin ma'ana a wajen gwama abu da kishiyarsa take fitowa. Maimakon a tambayi dattijo mene ne kunya, abin da zai sa ya yi wa ɗalibi wa'azi, a tambaye shi wa aka taɓa cewa ba shi da kunya a garin nan, me ya yi, wa ya faɗa, wa ya musa. Na uku, kowane misali ya zo da garinsa, shekararsa, da matsayin mai magana: mace ko namiji, sana'arsa, shekarunsa, masallacin da yake salla. Na huɗu, a naɗi zance na gaskiya, na sulhun aure, na rabon gado, na bakin rijiya, da karin harshen masu shi, kada a mayar da shi Kananci wajen rubutawa.

Ga masu shirya littattafan lakwal kuma, roƙonmu shi ne kada a ba yaron Illela ko na Matamai darasin da zai koma gida ya ga uwarsa, wadda ta yini a gona, ba ta cika sharaɗin kunya ba, ko ya ga ubansa da ke durƙusa wa kawunsa ya saɓa, ko wansa da ba ya durƙusawa ya lalace. A nuna masa cewa kalmomin na kowa ne, kuma Hausawa sun daɗe suna gardama a kan yadda za a cika su. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, aikin mai bincike shi ne ya faɗi gidan da ya ji kukan. Muna fatan abokan aiki na sashen tarihi da na nazarin zaman jama'a za su duba waɗannan shawarwari, su gyara mana inda muka kauce.